Muhawara: Wa Ya Ƙirga Waɗanda Hayaƙi da Zafi Suka Yi Sanadinsu?

Baban Fadila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na sake jin ana ambaton alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya a rediyo, wai gurɓatacciyar iska tana sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 7 a kowace shekara, kuma kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya suna shaƙar iskar da ta haura iyakar da hukumar ta gindaya. Ni malamin lissafi ne, shekarata 26 ina riƙe da alli, don haka duk lambar da aka ba ni sai na tambayi inda ta fito. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a tsakiyar bazara bayan ya shafe shekaru yana fama da tari. Ya cika da hantsi, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta, ba a rubuta takarda ba, ba kuma wani likita da ya ce ga abin da ya yi sanadinsa. Haka muke binne akasarin mutanenmu. To wa ya ƙirga waɗannan miliyoyin, kuma shin mahaifina yana cikin lissafin ko ba ya ciki? Ina roƙon masana da ke wannan zaure su warware mana.

Likitan Ƙirji, Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Baba, Ya sa ya huta. Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta ita ce ba wanda ya bi gawa ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga. Ƙiyasi ne, amma ƙiyasin yana da ginshiƙi, bari in nuna inda aka kafa shi.

A farkon Disamban 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe birnin Landan na tsawon kwana biyar, iska ta tsaya cak. Da yake su suna rubuta kowace mutuwa, sai aka ɗauko adadin waɗanda suka saba mutuwa a irin waɗannan makonni aka kwatanta da na wannan shekarar, aka ga rarar mutum kusan 4,000, daga baya wasu masu bincike suka ce idan aka haɗa da watannin da suka biyo baya adadin zai kai 12,000. A takardun waɗannan mamata ba a rubuta hayaƙi ba, ciwon huhu da ciwon zuciya aka rubuta. Wannan ya sa Ingila ta yi dokar tsaftace iska a 1956.

Na biyu shi ne binciken Jami'ar Harvard a garuruwa shida na Amurka, wanda aka wallafa a 1993. An ɗauki manya fiye da 8,000 aka bi rayuwarsu sama da shekara 14, ana auna iskar garuruwansu, ana kuma cire tasirin shan taba da ƙiba da shekaru da irin aikin da mutum yake yi. Sai aka samu yawan mace-mace a garin da ya fi ƙazantar iska ya ɗara na garin da ya fi tsafta da kashi 26 cikin 100. Daga irin waɗannan bincike ne aka fitar da ma'aunin da ke cewa idan ƙura ta ƙaru da kaza, haɗarin mutuwa yana ƙaruwa da kaza, sannan a ɗora ma'aunin a kan yawan jama'ar kowace ƙasa da irin iskar da suke shaƙa.

Abin da ake aunawa shi ake kira PM2.5, wato ɓurɓushin da faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin talatin na kaurin silin gashin kai ba. Gashin hanci da majina suna tare manyan ƙwayoyin ƙura, shi ya sa kake fyace baƙin abu bayan ka dawo daga kasuwa, amma waɗannan ƙananan suna zarcewa har ƙarshen huhu, suna tayar da kumburi wanda ke taɓa jijiyoyin jini. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne kaso mafi girma na mace-macen daga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki yake fitowa, sannan cututtukan huhu su biyo baya.

Baban Fadila:
Na gode Likita, na fahimci hanyar. Sai dai a nan ne ma shakkata ta ƙaru. Ma'aunin da aka auna da Ba'amurke mai shaƙar hayaƙin masana'antar ƙarfe, shi za a ɗauko a ɗora wa mutumin Ɗambatta wanda abin da ke shiga hancinsa hazon hunturu ne da hayaƙin kara? A ajinmu, idan ɗalibi ya ɗauki amsar wata tambaya ya liƙa wa wata, ba na ba shi maki ko da lambar ta yi kyau a ido.

Ɗalibin Kimiyyar Yanayi:
Malam, da izininka in sa baki, domin wannan ƙorafin naka masu bincike da kansu sun yi shi. A 2018 wasu masana na Jami'ar Stanford sun wallafa aiki a mujallar Nature wanda bai jingina da ma'aunin Turai ko Amurka ba. Sun ɗauki bayanan haihuwa kusan miliyan ɗaya daga ƙasashe 30 na Afirka kudu da Sahara, daga irin binciken nan da ake bi gida-gida ana tambayar uwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ne suke raye, sannan suka haɗa da abin da tauraron ɗan'adam ya nuna na ƙurar da ke saman kowane yanki. Sakamakonsu shi ne duk ƙarin maikirogiram 10 na PM2.5 a kowace kubik mita ta iska yana tafiya da ƙarin kashi 9 cikin 100 na mutuwar jarirai.

Bayan shekara biyu suka sake dubawa ta wata hanya mai hikima. A arewacin Cadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon babban tafkin Cadi, wanda ake ɗauka a matsayin wuri mafi fitar da ƙura a duniya, kuma yawancin hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris daga can iskar arewa maso gabas take kwaso shi. Yawan ƙurar da Bodele zai tayar a shekara bai san talaucin gidanku ko arzikinsa ba, bai san ko akwai asibiti a ƙauyenku ba, saboda haka idan mutuwar jarirai tana hawa da sauka tare da shi, da wuya a ɗora laifin a kan wani abu daban. A wannan karon sun samu ƙarin kashi 24 cikin 100.

Baban Fadila:
Tsakanin 9 da 24 akwai tafiya, ɗana, kuma mutanen nan guda ne suka fitar da lambobin biyu. Amma na yarda da abu ɗaya, duka biyun sun fi sifili nesa ba kusa ba, kuma jariran namu ne.

Hajiya Ungozoma, Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni ba ma'abuciyar lissafi ba ce, amma shekarata 19 ina karɓar haihuwa, kuma ba na bukatar tauraron ɗan'adam kafin in san watannin da ɗakin yara yake cika. Da hunturu ya kama, sai a fara kawo su da sheshsheka, haƙarƙari yana lotsawa ciki idan suna jan numfashi. Abin da nake so Malam ya lura shi ne ba hazon waje kaɗai ba ne. Na sha shiga ɗakin maijego da asuba in tarar an toshe taga da tsumma saboda sanyi, an ajiye kaskon garwashi kusa da gado, an zuba turaren wuta a kai, ga maganin sauro na kunnawa yana ci a lungu, jaririn kwana huɗu yana kwance a tsakiya. Ni da na shigo daga waje idona yake yaji, su kuwa sun saba. Idan na ce a buɗe taga sai kakar yaro ta ce sanyi zai kama shi, kuma ita ma da gaskiyarta, don sanyin yana kashe jariri.

Sai kuma sanƙarau, wanda kowa a ƙasar Hausa ya san lokacinsa. Yana tasowa idan iska ta bushe, ya yi ƙamari a tsakiyar zafi, ya lafa da saukar ruwan farko. Annobar 1996 ta kama mutane kusan 250,000 a wannan yankin namu, ta kashe kusan 25,000, kuma Nijeriya da Nijar suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. An yi bincike a Yamai, an bi bayanan shekaru ana kwatanta su da na yanayi, aka ga masu kamuwa suna ƙaruwa bayan kwanakin ƙura mai yawa da zafi mai tsanani. Bayanin da aka ba mu shi ne ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba, sai bushewa da ƙura sun farfasa fatar cikin hanci da maƙogwaro sannan ta samu ƙofar shiga jini. Amma a yi adalci, abin da ya karya lagon sanƙarau nau'in A allurar rigakafin da aka fara a 2010 ce, ƙurar tana nan yadda take.

Maman Sadik:
Likita, ni tambayata ta kaina ce. Waina nake yi a ƙofar gida, daga sallar asuba zuwa ƙarfe goma ina gaban tanda da itace, shekara 14 ke nan, kuma duk yarana a bayana suka yi wayo ina wannan aikin. An ce mana mu koma gas, na saya, na yi wata uku, da kuɗinsa ya tashi na mayar da tukunyar ƙarƙashin gado. Ina so a faɗa mini gaskiya, idan na matse na koma gas, an tabbatar yarana za su fi lafiya, ko dai zance ne na masu sayar da murhu?

Likitan Ƙirji, Zariya:
Maman Sadik, kin yi tambayar da ta fi kowace wuya a wannan fage, kuma ba zan yi miki kwaskwarima ba. Cewa hayaƙin itace yana cutarwa, wannan babu jayayya a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020 da hayaƙin girki na cikin gida, kuma ni da kaina ina ganin tsofaffin mata waɗanda ba su taɓa riƙe karan sigari ba amma huhunsu ya toshe kamar na wanda ya shekara talatin yana sha. Inda gizo yake saƙa shi ne gwajin maganin. A Malawi an raba wa dubban gidaje ingantaccen murhu mai fanka, aka bi yara fiye da 10,000 na shekara biyu, sakamakon da ya fito a mujallar Lancet ya nuna limoniya ba ta ragu ba. Daga baya aka yi wani babban gwaji a Ruwanda da Indiya da Peru da Guatemala, aka ɗauki mata masu juna biyu 3,200, aka ba rabinsu murhun gas da gas kyauta. Hayaƙin da suke shaƙa ya ragu ƙwarai, amma nauyin jariran da suka haifa bai bambanta da na sauran ba ta yadda za a kafa hujja, haka ma limoniya mai tsanani. A Ibadan kuwa, wani ƙaramin gwaji da murhun etanol ya nuna saukar hawan jini ga masu juna biyu.

Yadda ni nake fassara wannan, kuma fassarata ce, shi ne gida ɗaya ba ya tsira shi kaɗai. Idan kin daina hura itace amma maƙwabciyarki ta gabas da ta yamma suna hurawa, ana ƙona bola a bakin layi, janareta yana aiki a bayan tagarki, abin da kika rage bai kai ya fitar da yaron daga haɗari ba. Ga kuma cututtukan da suke ɗaukar shekara ashirin kafin su bayyana, waɗanda gwajin shekara biyu ba zai gan su ba. Shawarar da zan ba ki wadda ba ta cin ko sisi ita ce ki ci gaba da yi a fili kamar yadda kike yi, ki zauna ta inda iska ke fitowa don hayaƙin ya bi gaba, ki yi amfani da busasshen itace, kada ki tayar da wuta da leda ko roba, sannan ki sauke goyo ki ba wani ya riƙe miki nesa da tanda.

Injiniya Mai Gyaran Janareta:
Ranka ya daɗe Likita, ka taɓo sana'ata. Kullum ina faɗa wa masu kawo mini gyara kada su kwana da inji a cikin shago ko a barandar da ke rufe, domin iskar da ke kisa a dare ɗaya ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci zai zarce. Na kuma ga rahoton Bankin Duniya da ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum 11,200 a Legas a 2018, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ya lissafa motoci da masana'antu da janareta cikin masu laifi. Wannan na yarda da shi don ina ganin hayaƙin da idona. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa kullum ake ƙulla wannan magana da sauyin yanayi. Zafi dai tun kakanninmu ake yin sa, bazara ba baƙuwa ba ce a Sakkwato ko Nguru. Ina jin tsoron kada a fake da lafiyarmu a hana mu man da waɗansu suka gina ƙasashensu da shi.

Ɗalibin Kimiyyar Yanayi:
Injiniya, abubuwa biyu ne daban, amma bakin salansa ɗaya suke fitowa. Ƙona fetur da dizal da kwal yana fitar da ɓurɓushin da ke cutar da wanda ke kusa a yau, yana kuma fitar da iskar kabon da ke taruwa a sama tana riƙe zafi shekaru aru-aru. A kan batun adalci ina tare da kai, domin duk nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 5 cikin 100 na wannan iskar. Sai dai rashin laifinmu bai hana zafin isowa gare mu ba.

Ka tuna azumin 2024. Ranar 3 ga Afrilu ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa 130 aka samu, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta kwatanta duniyar yau da duniyar da ba a ɗumama ba ta hanyar kwamfuta, ta ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba, kuma ya ƙara wa zafin rana kimanin digiri 1.5 a Mali da Burkina Faso. Digiri ɗaya da rabi ba komai ba ne a watan Janairu, amma a kan 45, ga rufin kwano, ga rashin wutar lantarki, ga daren da ba ya hucewa, shi ne tazarar da ke tsakanin tsohon da ya kai asuba da wanda bai kai ba.

Kuma don kada a ce komai muna jingina wa sauyin yanayi, binciken zazzaɓin cizon sauro ya nuna yaɗuwarsa ta fi ƙarfi a wajen digiri 25, tana raguwa sosai idan zafi ya haura 30 da 'yan kai. Ma'ana tsaunukan Habasha da Kenya za su iya ganin ƙaruwarsa, wasu wurare masu tsananin zafi kuma su ga sauyin lokacinsa ko raguwa. Ambaliya ce ta fi ba ni tsoro, irin ta 2022 da ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, da ta Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, saboda abin da ke biyo bayan ruwan, wato rijiyoyin da suka haɗu da masai da amai da gudawa.

Hajiya Ungozoma, Maraɗi:
Ɗana, ka ambaci tsofaffi ka manta da masu ciki. A Gambiya an bi mata manoma 92 masu juna biyu har gona, ana auna zafin jikinsu da bugun zuciyar ɗan tayi, aka ga alamun wahala a jikin ɗan suna ƙaruwa yayin da zafin ke hawa. Matan da nake gani haka suke, da cikin wata takwas suna surfe da ɗibar ruwa da rana tsaka. Idan na ce ta huta, sai ta yi murmushi ta tambaye ni wa zai yi mata.

Baban Fadila:
Na karanta duka, Allah Ya saka da alheri. Na janye rabin shakkata, na riƙe rabi. Abin da na lura shi ne duk inda aka samu amsa mai ƙarfi, a Landan ne ko a Bamako, wani ne ya zauna da littafi yana rubuta wanda ya mutu da ranar da ya mutu. Ɗalibinmu, akwai binciken da ya auna kason mace-macen zafi da sauyin yanayi ya jawo, mu kuma muna ciki?

Ɗalibin Kimiyyar Yanayi:
Akwai, Malam, na 2021. Ya tattara bayanan wurare 732 a ƙasashe 43, ya samu cewa kashi 37 cikin 100 na mace-macen zafi a lokacin bazara suna komawa ga ɗumamar da ɗan'adam ya jawo. Amma daga Afirka ta Yamma babu gari ko ɗaya a ciki, saboda binciken yana bukatar adadin mamata na kowace rana na shekaru masu yawa. Faransa ta san ta rasa kusan mutum 15,000 a zafin 2003 cikin 'yan makonni, mu kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 10 cikin 100 kacal na mace-macen yankin Afirka ake yi wa rajista.

Injiniya Mai Gyaran Janareta:
To ai masu haƙar kabari sun san watan da suka fi shan aiki. Wanda ke kula da maƙabartar unguwarmu ya taɓa ce mini a bazara har da daddare suke haƙa don kada safiya ta riske su babu shiri.

Likitan Ƙirji, Zariya:
Injiniya, maganar da ka yi ba ta wasa ba ce. A lokacin korona masu bincike daga Landan sun ƙirga sababbin kaburbura a birnin Aden na Yaman ta hotunan tauraron ɗan'adam don gano rarar mace-mace, saboda can ma rajistar ta rushe. Littafin maƙabarta mai ɗauke da kwanan wata da jinsi da kimanin shekaru, idan aka jera shi da awon zafi da na hazo na hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, zai iya nuna abin da Landan ta gani a 1952, ko da ba a san cutar kowane mamaci ba. Shekara uku zuwa biyar ake bukata kafin a fara ganin wani abu, kuma sharaɗin shi ne kada a tsallake rana ko ɗaya, har ranakun da ba a kawo kowa ba.

Baban Fadila:
Ina cikin kwamitin maƙabartarmu, kuma muna da littafi, sai dai na gudummawar siminti da kuɗin masu gadi ne. Ranar Juma'a bayan an sauko zan kai maganar gaban liman da mai unguwa. Likita, ka turo mini ta akwatin sirri yadda zan tsaga layukan shafin, musamman wajen shekaru, domin yawancin tsofaffinmu sai dai a ce an haife su shekarar fari ko zamanin wani sarki. Hajiya, jariran da ba su kai suna ba, waɗanda ake kaiwa da sassafe ba tare da an tara jama'a ba, su ma a ba su layi ɗaya da kowa ko a ware musu shafi?

Hajiya Ungozoma, Maraɗi:
A ware musu shafi, Malam, a kuma rubuta kwana nawa suka yi a duniya. Ka sa matar mai gadi ko wata dattijuwa ta riƙa tambaya, don uban ba zai so ya tsaya yin bayani a wannan lokacin ba.